Motar Gwangwani a Gaban Ciyaman

Shekara goma sha ɗaya Sharfaddeen ya yi yana jan babbar motar Alhaji Maikuɗi, mai bodin katako, ko akuya bai taɓa bankewa ba. Ranar da tsautsayin zai faɗa masa, ya yi lodin gyaɗa a Toranke, ya biyo ta Ajingi ya kama hanyar Gaya da hantsi, idonsa biyu tar, har da ɓarin goro a bakinsa. Ya iso wata 'yar gangara mai rami a gindinta, ramin da ya sani kamar yunwar cikinsa. Ya rage wuta, tayar hagu ta faɗa ta fito, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin kujerarsa. Daga nan mota ta daina jin magana. Yana murɗa sitiyari dama tana janye shi hagu, har ta tsallake titi ta gangara gonar dawa ta kwanta a kan haƙarƙarinta.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shi dai ƙafarsa ta hagu ta karye gida biyu, aka kwashe shi zuwa gidansu a Balan, maɗori ya ɗaure.

Kafin ɗaurin ya kwana uku, magana ta riga ta zagaye tasha: Sharfaddeen barci ya yi. Daga bakin Alhaji Maikuɗi ta fito, kuma maganar mai mota goma ba ta faɗuwa ƙasa. Cikin makon aka jawo gawar motar, aka sayar wa 'yan gwangwan, suka yayyanka ta da wuta suka wuce da ita Kano.

Da ya ɗan iya dogara sanda, ƙungiyarsu ta direbobi ta kira shi Gaya. Nan ne aka yi masa abin da ya fi karayar ciwo. Sharfaddeen yana da in'ina tun yana ƙarami. In yana cikin raha ba ta cika damunsa ba, amma da zarar ransa ya ɓaci sai harshensa ya sarƙe. Ya san abin da ya karye. Ƙusa ce guda ɗaya, wadda makanikai ke kira santabol, da ke ratsa tsakiyar sifirin gaba, wato jerin ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ta riƙe shi a kan gatarin taya, ƙarfen da ya haɗa tayun biyu. Wata biyu kafin haɗarin ta tsage, ya gaya wa Alhaji a sayi sabuwa, Alhaji ya ce a kai mai walda ya ɗana mata wuta, ai duk ɗaya ne.

Ciyaman Kamilu, shugaban ƙungiyar, ya ce ya faɗi abin da ke bakinsa. Sharfaddeen ya miƙe a kan sanda.

"Ranka ya daɗe, sa… sa… san… san…"

Ya maƙale nan. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa. Alhaji Maikuɗi ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Ku gani, har yanzu bai gama farkawa ba."

Aka kwashe da dariya. Ba kowa ya yi ba, amma waɗanda suka yi sun isa. Aka karɓe katinsa na ƙungiya, wanda in babu shi ba mai ba ka lodi a tasha. Tun daga ranar 'yan kamasho suka laƙaba masa suna Na-Barci.

Baffa Da'u, ƙanen mahaifinsa, shi ya mai da shi gida a bayan babur. Da suka sauka a zaure tsohon ya zaunar da shi.

"Ɗan nan, ka ji shawarata. In ƙafa ta warke mu je gidan Alhaji, ka durƙusa ka ce kuskure ne, barci ɓarawo ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Zai sa a maido maka da katinka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Baffa, ban yi barci ba."

"Na sani. To wa ya tambaye ka gaskiya? Abinci ake nema."

Baffa ya ɗauka maganar ta shige shi. Sai Sharfaddeen ya ce, "Akwatin Baba yana wurinka?"

Mahaifinsa maƙerin gwangwani ne. Ya rayu yana yin mazurari da ludayin awon mai da 'yan fitilu yana kai wa kasuwar Ajingi, kuma Sharfaddeen ya yi shekaru a gindinsa kafin son mota ya ɗauke shi. Da tsohon ya rasu, Baffa ya ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado.

"Me za ka yi da shi?"

"Bakina ya ƙi. Zan sa hannuna ya faɗa."

Baffa bai gane ba, ya yi ta faɗa a kan taurin kai irin na gidansu, amma washegari ya aiko da akwatin. A ciki akwai almakashin kwano, da magagari biyu, da filaya, da 'yar guduma, da kan gatari da tsohon ke amfani da shi a matsayin uwar maƙera, da sandar dalma da ta yi baƙi.

Sharfaddeen ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya miƙe karyayyar ƙafarsa, ya zana motar a ƙasa da tsinke. Bai buƙaci ya auna komai ba. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ƙarƙashinta, ya san tazarar kowane noti da ɗan'uwansa. Ya yanke cewa duk taku ɗaya na motar zai zama faɗin babban yatsansa, sai tsawonta ya fito kamu ɗaya da 'yan kai.

Da shasi ya fara, wato ƙarfen da duk jikin mota ke zaune a kai. Ya samo murfin tsohon duro ya yanko dogayen ɓawo biyu, ya ɗora kowanne a gefen kan gatari yana bugawa a hankali har ya lanƙwashe ya zama kwararo, irin na ainihi. Kwana shida ya yi a kan waɗannan biyun kawai, don in ɗaya ya fi ɗaya ko da kaurin farce ne, motar za ta riƙa karkata da kanta, a ce da shi dabara ya yi. Tayu kuwa baris ɗin babur ya sa Baffa ya tsinto masa wajen masu gyara a Ajingi, ya naɗe su da robar tsohon tub.

Matarsa Ummu Salma ta zuba masa ido mako guda. Ranar da maƙwabciyarsu ta tare ta a bakin rijiya ta ce mata, cikin muryar jaje, wai an ce haɗarin ya taɓa masa kai, tun da ga shi magidanci ya koma wasan motar gwangwani, sai ta dawo ta dire tulu ta tsaya a kansa.

"Maigida, ka san abin da ake faɗa a gari?"

"Na sani."

"To ni ka gaya mini. In wasa ne in sani, in kuma ba wasa ba ne in sani, don in san amsar da zan riƙa bayarwa."

A gabanta harshensa ba ya sarƙewa sosai. Ya ɗauki tsinke biyu ya gicciya su, ya nuna mata yadda gatarin taya ke zaune, da yadda ƙusa ɗaya ke hana shi zamewa baya, da abin da zai faru in ta karye a gefe guda. Ta duƙa ta kalla, ta sa ya maimaita. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon faranti na kayan aurenta da fentinsa ya ɓaɓɓare, ta ajiye masa.

"Wannan ya fi gwangwanin madara ƙwari. Ka yi mata kai mai kyau. In za a yi mana dariya, kada a ce motar ma mummuna ce."

Sifirin ne ya kusa ƙure shi. Ya yanko gwangwani ya jera, da ya danna sai ya lanƙwashe ya zauna a haka, ba ya dawowa. Ya gwada karyayyen zarto, wurin huda shi ya tarwatse, wani ɓari ya tsaga masa yatsa. A ƙarshe ya dace da ƙarfen da ake ɗaure dilar gwanjo da shi. Shi ma sai da ya tuno yadda ya ga maƙeran wuƙa suna yi a kasuwa: a gasa shi ya yi ja, a binne a toka ya huce a hankali ya yi laushi, a yanka, a huda, a goge da magagari, a ba shi ɗan doro, sannan a sake gasawa a tsoma cikin baƙin mai, a kuma ɗan ɗumama shi har launinsa ya koma kamar wuyan tantabara. In ya wuce haka ya yi sanyi, in bai kai ba ya karye.

Ummu Salma ce ke fifita gawayi a murhunta bayan ta sauke abincin rana, shi kuma yana riƙe da filaya. Ganye tara ne a kowane sifiri, kowane ya fi na ƙasansa tsawo. Sun ɓata fiye da arba'in kafin su sami sha takwas na gaba masu kyau. Ranar da ya jera tara na farko ya danna da yatsa, suka lotsa suka dawo tsaf, Ummu Salma ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Maɗauran da ke rungume sifirin da gatari ya lanƙwasa su daga wayar ƙafar keke, don tana zuwa da zarenta a baki da ɗan notinta. Santabol kuwa guda biyu ya yi daga basilla. Ɗaya ya bar ta lafiyayya. Ɗayar ya yanke ta biyu ya liƙe da dalma, ya goge wurin har ba a gane shi sai an ƙura ido.

A wata na uku ya jingina katako a dakalin zaure ya zama gangara, ya haƙa ɗan rami a gindinsa ta hagu, ya cika bodi da ƙullin yashi. Ya sa lafiyayyar ƙusa ya saki mota. Ta gangaro, ta faɗa ramin, ta yi tsalle ta miƙe abinta. Ya sa mai dalma ya sake saki. Ƙusar ta karye, ya ji ƙarar da kunnensa, amma motar ta wuce ɗoɗar kamar ba abin da ya faru.

Ya gwada sau biyar, duk haka. Ya zauna ya zuba mata ido. A karon farko ya tambayi kansa ko dai shi ne bai san abin da ya faru ba. Kwana biyu bai taɓa ta ba. A na uku yana alwalar la'asar abin ya faɗo masa: shi ya ɗaure maɗauran nan tamau, kamar na sabuwar mota. Na motar Alhaji kuwa sun tsufa, zarensu ya cinye, kowane mako sai ya sa sifana ya ƙara musu ƙarfi, kwana biyu su saki. Ya kwance notin kaɗan, gwargwadon yadda hannunsa ya tuna, ya saki mota. Ta faɗa rami, ta ce ƙas, tayar hagu ta ja da baya, motar ta karkace hagu ta kife, yashi ya zube.

Bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallon tayar da ke juyawa a sama, don abin da ya gani ke nan ta gilashi a gonar dawa.

Ranar taron wata na ƙungiya, Baffa Da'u ya zo da babur yana mita. Ya ce shi dai ya kai shi ne don kada a ce ya yar da ɗan ɗan'uwansa, amma in aka sake yi musu dariya ba ruwansa. Suka ɗaure katakon a gefe, Sharfaddeen ya rungume motar a cikin zanen Ummu Salma.

Rumfar ƙungiya ta cika. Alhaji Maikuɗi na nan a kujerar gaba, don ya zo neman sabon direba. Da aka ga Sharfaddeen ya shigo yana ɗingishi, wani daga baya ya ce, "A shimfiɗa wa Na-Barci tabarma!" Bai waiwaya ba. Ya wuce har gaban tebur ya gaida Ciyaman Kamilu, ya kwance zanen.

Dariyar da aka fara ba ta yi nisa ba, don waɗanda ke kusa sun ga abin da ke gabansu. Motar Alhaji ce sak. Ga kan nan kore da aka yanko daga faranti, ga matakalar ƙofa, ga tankin mai a gefe, har lotsawar da ke bamba ta dama tun wani karo da aka yi mata a tasha. Wani tsohon direba mai suna Haruna ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya danna bodin da tafin hannu ya ga ya lotsa ya dawo.

"La ilaha illallahu. Ciyaman, har sifiri gare ta. Ganye tara!"

Alhaji Maikuɗi ya ce, "Ciyaman, taro muka zo ko wasan yara? In sana'a ya sake, ya kai ta kasuwar Ajingi."

Ciyaman ya ce, "Sharfaddeen, an riga an yanke maganarka."

"A… a… an yanke ban yi magana ba, ranka ya daɗe." Sharfaddeen ya nuna motar. "Yau ba ni zan yi ba. I… ita za ta yi."

Bai jira izini ba. Ya jingina katakon a benci, ya sa dugadugin sandarsa ya ƙwaƙule rami a ƙasa. Ya ɗaga lafiyayyar ƙusa sama kowa ya gani, ya zura ta, ya saki mota. Ta wuce ramin ta miƙe har ƙafar Ciyaman. Ya ɗauko ta biyun, ya miƙa wa Haruna, ya nuna masa tabon da farce.

Haruna ya juya ta a haske. "Wannan an karya an liƙe."

"Wa… walda," in ji Sharfaddeen, yana kallon Alhaji ido cikin ido.

Ya sa ta, ya saki. Ƙas. Tayar hagu ta koma baya ta manne da matakalar ƙofa, motar ta yanki hagu ta kife a gaban takalmin Alhaji Maikuɗi, yashi ya watsu a kan rigarsa.

Haruna ya laluba aljihu ya ciro wayarsa. Ya ce shi ya bi ta wurin ranar haɗarin, ya ɗauki hoto kamar yadda kowa ya ɗauka. Ya nemo shi ya buɗe da yatsu biyu, ya ajiye wayar a ƙasa kusa da motar gwangwanin. A hoton ma tayar hagu ta koma baya ta manne da matakala, ta dama tana wurinta. Wayar ta bi hannu hannu har ƙarshen rumfa.

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Faɗuwar ce ta tura tayar baya. Wa ya ga walda? Ina shaida? Gwangwani ne zai yi shaida a kaina?"

"Alhaji, ka… kai ka sayar da shaidar."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baffa Da'u ya jawo rigar Sharfaddeen ta baya, shi kuwa ya fizge. Ya juya ga jama'a. Maganar ta fito masa da ƙyar, guntu-guntu, amma wannan karon ba wanda ya katse shi.

"Ina da laifi. Na san an yi walda. Na san maɗauran sun saki. Na ji tsoron a ce in ajiye makulli, na hau. Da motar haya ce ta taho ta ɗaya hannun a lokacin, da yanzu ina da alhakin rai goma. Wannan ku hukunta ni a kansa, na yarda. Amma ban yi barci ba. Ba zan ɗauki sunan da ba nawa ba, ko zan mutu ban sake taɓa sitiyari ba."

Ciyaman Kamilu ya daɗe yana murza hularsa. Shi ma yana da mota biyu, kuma da Alhaji suke sallar Juma'a sahu ɗaya. A ƙarshe ya ce ƙungiya ba kotu ba ce, motar ainihi babu ita, saboda haka ba za a ɗora wa kowa laifin walda ba. Amma maganar barci ba ta tabbata ba, an janye ta, kuma duk wanda aka sake ji ya kira wannan suna a tasha zai gamu da ƙungiya. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko katin ya miƙa.

Iyakar abin da aka samu ke nan. Alhaji bai ba da haƙuri ba, ba wanda ya ce ya bayar. Da taro ya watse ma sai ya matso, fuska a sake kamar ba a yi komai ba, ya ce ai shi bai riƙe Sharfaddeen a zuciya ba, ga sabuwar mota tana zuwa, in ƙafa ta yi ƙwari ya zo ya karɓi makulli. Ya nuna motar gwangwanin da baki.

"Wannan kuma ka bar mini ita, in kai wa jikokina. Faɗi abin da kake so."

"Ba ta sayarwa ba ce, Alhaji. Makullin ma ka ba wani. Sai dai ka gaya masa ya… ya leƙa ƙasa kafin ya hau."

Baffa Da'u ya dafe kai. Alhaji ya juya ya shiga motarsa, aka ja ƙofa da ƙarfi.

Sharfaddeen yana tattara yashinsa Haruna ya dawo, da wasu direbobi biyu a bayansa. Ya ce tasa motar tana can bayan rumfa, an yi mata lodin gero za shi Kano, kuma kwanan nan yana jin tana ɗan janye shi gefe in ya taka birki. Ko zai daure ya duba masa?

Baffa ya ce rana tana yi, ga hanya, ga ƙafa ba ta gama warkewa ba. Sharfaddeen ya miƙa masa motar gwangwanin ya ce ya riƙe da hannu biyu. Ya bi Haruna har gindin motar, ya jingine sandarsa a taya, ya zauna a ƙasa a hankali, ya ja jiki ya shige ƙarƙashinta. Jim kaɗan muryarsa ta fito daga ciki.

"Haruna, a sauke geron nan. Yau ba inda za ka."